Igiya Ɗaya, Ƙafafu Huɗu

Jama'ar wannan shafi, ku ɗan ajiye abin da kuke yi, ku bi ni har ƙarshen wannan labari.

Akwai wani ɗan tsere da kowa ya sani da laƙabin Barewa. Mita ɗari yake gudu, kuma Allah ya yi masa ƙafa. Shekara huɗu a jere abokan karawarsa ba su ga komai nasa ba sai ƙeya.

Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya. In ya shigo fili ba ya gaida kowa sai an gaishe shi. In sababbin 'yan wasa suka roƙe shi ya nuna musu yadda ake tashi, sai ya ce su jira su gani a talabijin.

Wata rana a wajen atisaye ya gurɗe idon sawunsa na hagu. Ya yi wata biyar yana jinya. Da ya dawo, ƙafa ta warke amma gudu ya tafi. Waɗanda suka saba shan ƙurarsa suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba aka cire sunansa daga tawagar ƙasa.

Wata safiya ya zo babban filin wasa kamar yadda ya saba. Mai gadi ya duba katinsa, ya miƙa masa abinsa.

"Ranka ya daɗe, katin nan ya daina aiki."

"Ka san da wa kake magana kuwa?"

"Na sani mana. Shi ya sa nake faɗa maka a hankali, kada mutane su ji."

Yana nan tsaye kamar an dasa shi, sai ga wani dattijo a kan keken guragu ya nufo ƙofar. Baba Koci ake ce masa, shi ne mai horar da 'yan wasa masu naƙasa a wannan fili. Barewa ya yi shekaru yana wuce shi, ko sannu bai taɓa ce masa ba.

Baba Koci ya tsayar da kekensa, ya ce, "Ɗana, ina da hanyar da za ka riƙa shiga filin nan kullum. Akwai wani makaho a hannuna, mita ɗari huɗu yake gudu. Ya gajiyar da 'yan jagora biyu, duk ya fi su sauri. Na daɗe ina kallonka. Tsayinku ɗaya da shi, takunku ma ɗaya."

Barewa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Baba, ni zan koma ɗan jagora? Ai faɗuwar tawa ba ta kai can ba."

"Raina kama ka ga gayya," in ji dattijon. "Kullum ƙarfe bakwai muna nan."

Kwana uku Barewa ya yi a gida yana kallon tsofaffin hotunansa a bango. A rana ta huɗu ya ɗauki takalmansa. Ba don makahon ya zo ba, don katin shiga fili ya zo. A ransa yana cewa zai lallaɓa da su har gudunsa ya dawo, sannan ya kama gabansa.

Makahon kuwa Masaƙi ake kiransa, domin sana'arsa ke nan. Yana da ƙaramin shago a bayan filin, inda yake saƙa kujerun ƙarfe da igiyar roba. Shekarunsa talatin da huɗu, kuma tun yana ɗan sha ɗaya wani ciwo ya tafi da ganinsa. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ita ke jera masa launuka, shi kuma yatsunsa su yi sauran aikin.

Da aka haɗa su, Masaƙi ya kama hannun Barewa ya jinjina.

"Kai ne Barewa? Na sha jin tserenka a rediyo. Ashe kai ma yatsu biyar ne da kai kamar kowa."

Barewa ya zare hannunsa. "Malam, ka dai yi ƙoƙari ka bi ni, kada ka faɗi ka ja mini magana."

Masaƙi ya yi murmushi. "In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ai ya taka dutse."

Baba Koci ya fito da wata 'yar guntuwar igiya mai zobe a kowane baki. Ya sa ɗaya a hannun daman Masaƙi, ɗaya a hannun hagun Barewa.

"Doka uku ce," ya ce. "Ba ka jansa ba ka tura shi. Ba ka sakin igiya. Ba ka kuma riga shi taka layin ƙarshe. Kai idonsa ne, ba ƙafarsa ba. Ka riƙa yi masa magana, ka gaya masa inda kwana take da inda abokan karawa suke."

Aka busa usur, suka tashi.

Mita ɗarin farko Barewa har hamma yake ji. A ta biyu ya fara mamaki. A ta uku kuwa ƙirjinsa ya ɗauki wuta, domin shi ɗan gajeren zango ne, bai saba zagaye fili ba. Kafin su kai ƙarshe ya zube a kan ciyawa yana haki.

Masaƙi ya tsaya a kansa, numfashinsa daidai kamar wanda ya dawo daga yawon shan iska.

"Ɗan jagora, ko in raka ka gida ne?"

Duk 'yan wasan da ke wurin suka fashe da dariya, har mai jifan mashi da ke zaune a kekenta sai da ta share hawaye.

Haka suka yi wata uku. Barewa ya koyi zagaye fili, amma bai koyi magana ba. In Baba Koci ya matsa masa, sai ya ce "kwana" a daƙile, ya ja bakinsa ya rufe.

Wata rana suna hutawa Masaƙi ya ce masa, "Ƙanena, ƙafarka ta hagu tana tsoron ƙasa. Ta dama tana cewa tas, ta hagu tana cewa ɗaf. Ta warke, amma kai ba ka yarda ta warke ba."

"Likitoci uku sun duba ta da na'ura," in ji Barewa. "Kai da kunne za ka duba?"



A shekarar nan za a yi babbar gasar duniya ta 'yan wasa masu naƙasa. Duk mai son zuwa sai ya kai wani lokaci da aka ƙayyade, kuma dama biyu kacal ake bayarwa.

Ranar damar farko fili ya yi jama'a. Aka harba bindiga, suka fita kamar kibiya. Kafin kwanar ƙarshe sun bar kowa a baya.

Nan ne Barewa ya hango masu ɗaukar hoto sun jeru a bakin layi. Ya ji ana kiran sunansa daga cikin 'yan kallo, abin da ya yi shekara bai ji ba. Sai tsohon hali ya motsa. Ya manta da wanda ke gefensa, ya turo ƙirji gaba, ya taka layi.

Allo ya nuna lokacin da ya fi wanda ake nema. Kafin su gama murna alƙali ya ɗaga jar tuta. Ɗan jagora ya riga ɗan wasa ƙetarawa, an soke tseren.

Barewa ya tasar wa alƙalin da faɗa. A cikin faɗan ya ce, "Ai da ya ƙara sauri da ban riga shi ba."

Masaƙi yana tsaye a gefensa, igiya tana hannunsa, ya ji komai. Ya sakar wa Barewa igiyar, ya cire ƙyallen da doka ta ce makafin 'yan tsere su rufe ido da shi, ya ninke shi a hankali.

"Kai ni inda na ajiye jakata," abin da ya ce ke nan.

Barewa ya yi kwana biyar bai leƙa fili ba. A na shida ya nufi shagon Masaƙi don ya mayar da igiyar, ya yi sallama da harkar gaba ɗaya.

Maman 'Yan Biyu ya tarar a bakin ƙofa tana warware ƙullin roba. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da zuwa, zakara. Ka zo ɗaukar hoto ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Bari in gaya maka abin da ba zai gaya maka ba," ta ce. "Shekara tara mutumin nan yana gudu kullum da safe kafin ya buɗe shago. Shekara tara ina wanke masa gwiwoyi in ya faɗi. Kai kana da gobe, kana da jibi. Shi wannan ce ta ƙarshe, jikinsa ba zai jira wata gasar ba."

Daga ciki Masaƙi ya ce, "Maman 'Yan Biyu, bar shi ya shigo ya zauna. Baƙo ne."

Barewa ya shiga ya zauna a kan wata kujera da ba a gama saƙawa ba. Masaƙi bai daina aikinsa ba.

"Ƙanena, soke tseren bai dame ni kamar yadda kake zato ba. An soke mini abubuwa da yawa a duniya. Abin da ya yi mini ciwo shi ne, tun daga kwanar ƙarshe ban ƙara jin muryarka ba. Mita ɗari na yi ni kaɗai a cikin duhu, ina gudu iyakar ƙarfina, ban san ko bango ne a gabana ba. Ga igiya a hannuna, amma babu kowa a ɗaya bakin."

Barewa bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da ake ji a wancan gefen igiyar ba. Ya dubi tabban da ke gwiwoyin mutumin, sababbi da tsofaffi, ya ji kunya ta rufe shi.

"Yaya, ka yafe mini."

Wannan ce rana ta farko da ya kira shi Yaya.

"Na yafe. Saura dama ɗaya. In za ka dawo, ka zo da bakinka. Ƙafa kam ina da ita."

Barewa ya mayar da igiyar aljihu. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Yaya, maganar ƙafar hagun nan da ka yi. Yaya za a gyara ta?"

Daga washegari filin ya ga wani sabon mutum. Barewa ne ke fara zuwa, shi ke tura keken Baba Koci ya haye tudun bakin ƙofa. In suna gudu bakinsa ba ya rufuwa: "Kwana na zuwa. Shiga. Miƙe. Akwai mutum a damarka, taku uku. Saura hamsin. Buɗe."

In sun gama, sai su yi musanya. Barewa ya cire takalmi ya yi ta gudu a kan ciyawa, Masaƙi na zaune ya karkata kunne yana ba shi sakamako.

"Ɗaf. Ɗaf. Har yanzu tana lallaɓawa. Sake."

Ranar da ya ce "Tas, tas, yauwa, yanzu ƙafa biyu gare ka," Barewa ya ɗaga shi sama cak, Masaƙi na cewa ya sauke shi kafin ya zubar masa da girma a gaban 'yan mata.

Dama ta biyu ta zo. Suka yi tsere kamar mutum ɗaya da inuwarsa. Masaƙi ya taka layi, Barewa na bayansa da rabin taku. Farar tuta ta tashi. Sun samu gurbi.

Amma jarrabawa ba ta ƙare ba.

Saura mako uku a tafi, wayar Barewa ta yi ƙara. Mai horar da tawagar ƙasa ne, wanda ya cire sunansa a bara. Ya ce an gaya masa gudunsa ya dawo, har wani ya auna shi a ɓoye. Suna so ya zo gwaji. Ranar gwajin kuwa ta faɗa cikin makon gasar duniya.

Wannan shi ne kiran da ya yi shekara yana jira. Ga shi an riga an aika da sunansa a matsayin ɗan jagora, lokacin canjawa ya wuce. In ya tafi, Masaƙi ba shi da tsere.

Washegari bayan atisaye ya gaya wa Masaƙi komai. Masaƙi ya murza igiyar a tsakanin yatsunsa.

"Ka je," ya ce. "Na san daɗin a kira mutum bayan an manta da shi. Ba zan tsaya a gaban rabonka ba."

"In na tafi, wa zai gaya maka kwana ta zo?"

"Allah zai kawo wani."

Barewa ya yi dariya. "Ai tun jiya na ba su haƙuri, Yaya. Na zo ne kawai in ji abin da za ka ce."

Masaƙi ya kai masa duka a kafaɗa, bai kuwa kuskure ba.

Jama'a, ranar da suka shiga wurin gasar nan, Barewa ya rasa inda zai sa idonsa. Tutocin ƙasashe sun fi ɗari. Ya riƙe hannun Masaƙi yana ba shi labari kamar mai sharhin ƙwallo.

"Yaya, ga wata ta wuce mu da ƙafar roba mai lanƙwasa kamar lauje, wallahi tsalle take kamar ba ta taɓa ƙasa. Ga kekunan tsere masu taya uku, dogaye, ko mota sai ta yi da gaske. Can kuma wani ne ba shi da hannu ko ɗaya, da ƙafa yake jan baka, ya sa kibiya a tsakiya sau uku."

"Ka rage gishiri, ƙanena."

"Babu gishiri. Kai, bari ma ka ji. Yanzu wani mai hannu ɗaya ya gama mita ɗari. Lokacin da allo ya nuna, da a bara muka haɗu da ya bar ni a baya."

Baba Koci kuwa ya tsayar da kekensa a bakin fili, yana kallon kujerun da suka cika maƙil har sama. 

"Shekara arba'in da suka wuce," ya ce, "a harabar wani asibiti na yi gasata ta farko. 'Yan kallonmu ma'aikatan jinya ne, suna tafa mana don tausayi. Wanda ya zo na ɗaya da na ƙarshe tafi ɗaya ake yi musu. Yau ku duba. Mutanen nan layi suka bi suka sayi tikiti. Ba tausayi ya kawo su ba, tsere suka zo gani."

Suka yi zagayen farko suka wuce. Washegari suka yi na kusa da ƙarshe, suka zo na biyu da ƙyar. Barewa ya fito yana ɗingishi, cinyoyinsa sun yi tauri kamar itace. Zagaye biyu cikin kwana biyu, yana gudu yana magana, ba ƙaramin aiki ba ne ga ɗan mita ɗari.

Rana ta uku da la'asar aka kira wasan ƙarshe. 'Yan tsere huɗu, kowa da ɗan jagoransa. A cikinsu akwai wani dogo da ya riƙe kambun gasar sau biyu, ba a taɓa cin sa a wasan ƙarshe ba.

Aka roƙi 'yan kallo su yi shiru don 'yan wasa su ji bindiga. Dubban mutane suka yi tsit, har kana jin kaɗawar tutoci.

"Yaya, ka shirya?"

"Tun shekara tara da suka wuce."

Bindiga ta tashi.

Masaƙi ya fita da wani irin gudu da Barewa bai taɓa gani a wurinsa ba. Kwanar farko ta wuce kamar ƙiftawar ido.

"Miƙe. Muna na biyu. Dogon yana gabanmu da taku huɗu."

Suka bi miƙaƙƙiyar hanyar baya, hannu na tafiya tare, ƙafa na sauka tare.

"Taku uku. Kwana na zuwa. Shiga. Taku biyu, Yaya, ina jin numfashinsa."

Suna fitowa daga kwanar ƙarshe fili ya kece da ihu. Masaƙi ya ƙara wuta. Suka yi kafaɗa da kafaɗa da dogon.

Saura mita sittin, ƙafafun Barewa suka fara mutuwa. Ya ji kamar an ɗaura masa buhun yashi a kowace cinya. Idonsa ya fara ganin hazo. Igiyar da ta saba zama sako-sako ta fara miƙewa, kuma ba shi ke gaba ba. In ya rage gudu zai janyo Masaƙi baya. In ya faɗi sun faɗi tare. In ya saki igiya an soke su.

Ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa ya ce, "Miƙe kawai. Babu komai a gabanka."

Masaƙi ya ji yadda muryar ta fita, ya ji yadda takun ya canja. A tsakiyar wannan ihu, shi ne ya koma yi wa ɗan jagoransa magana.

"Ɗaga gwiwa, ƙanena. Kada ka bar ni. Ɗaga."

Barewa ya cije leɓe. Bai san daga inda ƙarfin ya fito ba. Ya ɗaga gwiwa, ya sake ɗagawa.

"Ashirin. Goma. Yanzu, turo ƙirji."

Masaƙi da dogon suka faɗa layi a tare. Barewa ya ƙetara a bayansu, ya yi taku biyu, ya zube rigingine, igiya na nan a hannunsa.

Babu wanda ya san wanda ya ci. Alƙalai suka shiga duba hoto. Masaƙi ya durƙusa yana lalubar fuskar Barewa.

"Me allo ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna."

"To kai kana da rai?"

"Ban tabbata ba."

Sai allon ya haska. Barewa ya ɗaga kai ya duba, ya murza ido ya sake dubawa. Sunan Masaƙi ne a sama, da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba.

"Yaya, zinare ne. Zinare!"

Masaƙi ya rungume shi suka sake faɗuwa ƙasa tare. Dogon ya sa ɗan jagoransa ya kawo shi wurinsu, ya laluba hannun Masaƙi ya ɗaga shi sama. Fili ya sake ɗaukar ihu. Baba Koci na can yana buga hannun kekensa, hularsa ta faɗi bai ma sani ba.

Da aka zo rataya lambobi, biyu aka kawo, ɗaya ta ɗan wasa ɗaya ta ɗan jagora. Baba Koci ya ce a zamaninsu ɗan jagora ko kan dakalin karɓar lamba ba ya hawa.

Bayan sun sauko wani ɗan jarida ya tare Barewa ta bakin tafinta. Ya ce, "Yaya ka ji da ka taimaka wa makaho ya ci zinare?"

Barewa ya kama makirufon ya juya shi wajen Masaƙi. "Ga zakaran nan, shi za ka tambaya. Ni da ƙyar na biyo shi."

Masaƙi ya gyara tsayuwa ya ce, "Saƙona ɗaya ne. Duk wanda ke da irina a gida, ya buɗe masa ƙofa. Ba mu san adadin zakarun da ke zaune a ɗaki ba."

Maganar nan ta zaga gidajen rediyo da wayoyin mutane. Kafin wata biyu, 'yan wasan Baba Koci da ba su wuce goma ba suka haura sittin. Tawagar ƙasa ta sake kiran Barewa a shekarar da ta biyo, ya je ya ci gwajin. Amma ya kafa musu sharaɗi: safiya biyu a mako tasa ce, yana koyar da sababbin 'yan jagora.

A ɗaya daga cikin waɗannan safiyoyi wani magidanci ya shigo fili riƙe da hannun 'yarsa. Shekarunta sha tara. Ya ce tun da ta rasa ganinta shekara shida da suka wuce, ba ta taɓa yin sauri ba balle gudu, kullum da lalube take tafiya. Ita ce ta ji hirar a rediyo ta dame shi sai ya kawo ta.

Barewa ya haɗa ta da wata 'yar tsere mai tsayinta, ya sa musu igiya. Uban ya tsaya a gefe ya dafe ƙirji.

Suka fara da tafiya. Suka koma sassarfa. Can sai yarinyar ta saki jiki ta ruga, mayafinta na tashi a bayanta, 'yar jagorar na gaya mata hanya. Mita hamsin suka yi suka tsaya.

Uban ya iso da sauri yana tambaya ko ta ji ciwo, ko ta gaji, ko su koma gida.

Tana haki tana dariya ta ce, "Baba, matsa gefe. A sake."

Darasi: Kada ka auna mutum da abin da ya rasa, ka auna shi da abin da yake yi da wanda ya rage masa. Girman kai yana sa mai ido ya kasa ganin na kusa da shi, kuma wanda ka raina yau yana iya zama shi zai ɗaga ka gobe. Masu naƙasa ba tausayinmu suke jira ba, fili suke nema da abokin tafiya mai riƙon amana. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga wasu. Wataƙila ya isa gidan da ake buƙatar a buɗe wa wani ƙofa.